Kafin ka sayi lens: abin da mai kyamara marar madubi ya kamata ya sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon sayar da kyamara ya san yadda cinikin ke tafiya. Tambayar farko ita ce, megafiksel nawa ce? Ta biyu, tana ɗaukar 4K? Daga nan sai a ƙarar da kuɗin kakaf a kan jikin kyamarar, a karɓi ɗan lens ɗin da ya zo cikin kwali kamar gyara. Bayan wata biyu sai ka ji mutum yana ƙorafi cewa hotunansa na dare duk yashi-yashi ne, kuma bayan hoton ya ƙi dusashewa irin na waɗanda yake gani a Instagram. Sai ya fara shirin canza kyamara, alhali ba ita ce da laifin ba.

Hasken da zai zama hoto, ta cikin lens yake bi kafin ya isa ga sensa, wato ɗan farantin nan na cikin kyamara da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Abin da lens bai shigo da shi ba, babu sensar da za ta ƙirƙiro shi. Sannan jikin kyamara halinsa ɗaya da wayar hannu, bayan shekara uku ko huɗu an fito da wanda ya fi shi, farashinsa ya karye. Lens mai kyau kuwa yakan yi wa mutum aikin shekara goma ko fiye, ya canza kyamara biyu ko uku yana nan tare da shi. Don haka idan kuɗin ba su da yawa, gara matsakaiciyar kyamara da lens na ƙwarai, da babbar kyamara da lens na jeka-na-yi-ka.

Fara da duba bakin kyamararka

A kyamarori irin DSLR akwai wani madubi a karkace tsakanin lens da sensa, wanda ke tura haske sama zuwa ramin da mai ɗauka ke leƙawa. Idan aka danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, haske ya wuce. Wannan madubi yana buƙatar filin motsi, shi ya sa dole aka nisanta lens daga sensa: milimita 44 a bakin EF na Canon, milimita 46.5 a bakin F na Nikon. Da aka cire madubin sai wannan tazara ta ragu ƙwarai, kuma kowane kamfani ya ƙera sabon baki, wato zoben ƙarfen da ake murɗa lens a kai.

Panasonic ce ta buɗe fagen a 2008 da Lumix G1, ƙarƙashin tsarin Micro Four Thirds da suka haɗa gwiwa da Olympus a kai. Sony ta biyo baya a 2010 da bakin E mai tazarar milimita 18, Fujifilm a 2012 da bakin X. A 2018 Nikon ta fito da bakin Z mai milimita 16, Canon kuma da bakin RF mai milimita 20, kuma a shekarar ce Leica da Panasonic da Sigma suka amince su yi tarayya a baki ɗaya mai suna L. Waɗannan bakuna ba sa shiga juna. Lens na Sony E ba zai hau Canon RF ba, na Fujifilm X ba zai hau Sony ba. Don haka a ranar da ka sayi jikin kyamara, ka zaɓi gidan da za ka riƙa sayen lens na shekaru masu zuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Akwai wani tarko da masu fara bidiyo ke yawan faɗawa. Kyamarar Canon M50 ta yi farin jini sosai, kuma har gobe ana samunta ta hannu da sauƙin kuɗi. Sai dai bakinta EF-M ne, ba RF ba. Canon ta daina fitar da sabbin kaya na wannan baki, kuma lens na EF-M ba ya hawa kyamarorin R, babu ma adaftar da za ta haɗa su. Wanda ke da M50 yana kuma sa ran komawa R nan gaba, kada ya zuba kuɗi mai yawa a lens na EF-M. Ya fi masa alheri ya sayi na EF ya haɗa da adafta, domin shi zai bi shi zuwa sabuwar kyamarar.

Wani abin dubawa shi ne yawan kamfanonin da ke yi wa bakin lens. Sony ta daɗe da buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni, shi ya sa bakin E ya fi kowanne yawan zaɓi, daga Sigma da Tamron har zuwa Samyang da Viltrox, kuma gasar ta sauko da farashi. Canon ta riƙe bakin RF gam, sai a 2024 Sigma da Tamron suka samu izinin yi masa lens masu fokas na atomatik, kuma da na ƙaramar sensa aka fara. Ga mai lissafin naira da kwabo, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tsofaffin lens ba su mutu ba

Gajartar tazarar nan ta zo da wata garaɓasa. Tunda lens na DSLR an ƙera shi ne ya zauna nesa da sensa, abin da kawai yake buƙata a kan kyamara marar madubi shi ne wani zobe da zai cike giɓin. Zoben shi ne adafta. Adaftar Canon da ke ɗora lens na EF a kan bakin RF kaurinta milimita 24 ne, wato 44 a cire 20. Babu gilashi a cikinta, sai wayoyin da ke isar da saƙo tsakanin lens da kyamara, don haka ba ta rage ingancin hoto ko kaɗan. Amma ba a yin akasin haka. Lens na marar madubi ba zai yi aiki a DSLR ba, domin babu yadda za a kusanto da shi wurin da madubi ya riga ya tare.

Wannan yana da amfani a wurinmu, inda kasuwa ke cike da lens na hannu na EF da F da masu hoto a Turai da Amurka suka sayar bayan sun sauya sheƙa. Mai Canon R zai iya ɗora kusan kowane lens na EF ya yi aiki lafiya lau. Mai Nikon Z yana da adaftar FTZ, sai dai ya lura da rubutun jikin lens ɗin. Masu alamar AF-S da AF-P suna da injin fokas a cikinsu, suna aiki daidai. Tsofaffi masu alamar AF ko AF-D kuwa sun dogara ne da injin da ke jikin kyamara, wanda FTZ ba ta da shi, don haka da hannu za ka riƙa yin fokas.

Inda ake samun tangarɗa shi ne tsallaka gida, kamar ɗora lens na Canon a kan Sony ta hanyar adafta irin Sigma MC-11 ko Metabones. A hoto yakan yi aiki, musamman idan da haske. A bidiyo kuwa sau da yawa fokas ɗin kan riƙa kai-komo, yana nema yana rasawa. Ban ba wanda ke ɗaukar biki shawarar ya dogara da irin wannan haɗi ba, domin amarya ba za ta sake shigowa don fokas ɗinka ya kuɓuce ba.

Girman sensa yana canza lissafi

Cikakkiyar sensa girmanta milimita 36 ne da 24, daidai da fim ɗin da ake sa wa kyamarorin da. Ita ce a Sony a7, Canon R6 da R8, da Nikon Z5 da Z6. Sai mai bi mata, APS-C, wadda take kusan milimita 23.5 da 15.6, irin ta Sony a6400 da ZV-E10, Nikon Z50 da kyamarorin Fujifilm X. Ta Canon R50 da R10 ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Sai ta Micro Four Thirds mai milimita 17.3 da 13.

Ƙaramar sensa tsakiyar hoton da lens ya shigo da shi kawai take gani, gefe da gefe sun zube. Sakamakon haka sai hoton ya zama kamar an matso da shi. Don sanin yadda lens zai kasance a kyamararka, sai ka ninka lambar milimitarsa da 1.5 idan APS-C ce, da 1.6 idan ta Canon ce, da 2 idan Micro Four Thirds ce. Lens mai 50mm a kan a6400 zai ba ka faɗin da 75mm ke bayarwa a kan cikakkiyar sensa. Mutane da yawa sun ji ana yabon 50mm sun saya, sun shiga ɗakin amarya da shi a kan ƙaramar sensa, sun ja da baya har sun jingina da bango, mutum uku ma ba su shiga hoton ba. Wanda ke son irin wannan gani na 50mm a kan APS-C, lens mai 30 zuwa 35mm zai nema.

Kamfanoni kan yi lens na musamman don ƙaramar sensa, masu sauƙin nauyi da kuɗi. A Sony, mai alamar FE na cikakkiyar sensa ne, mai E kaɗai na ƙarama. A Canon RF da RF-S, a Nikon Z da Z DX, a Sigma DG da DC. Na babba yana aiki a kan ƙarama ba tare da matsala ba. Na ƙarama ma zai hau babba, amma kyamarar za ta yanke gefunan sensarta ta yi aiki da tsakiya kawai. Sony a7 III mai megafiksel 24, idan aka ɗora mata lens na E, abin da zai rage kimanin megafiksel 10 ne. An biya kuɗin babbar sensa, ana cin moriyar ƙasa da rabinta.

Me lambar milimita ke faɗa maka?

A taƙaice, ƙaramar lamba faɗi, babbar lamba nisa. A kan cikakkiyar sensa, idan aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, 24mm yana kwaso digiri 84 na abin da ke gabanka, 50mm kimanin 47, 200mm kuwa kimanin 12 kacal. Ƙasa da 35mm ana kiransa mai faɗi, shi ne na cikin ɗaki, gine-gine, kasuwa da taron jama'a. Daga 35 zuwa 50mm shi ne ya fi kama da yadda mutum ke ganin abubuwa. Daga 70mm zuwa sama na janyo nesa ne.

Ana yawan cewa lens mai faɗi yana ƙara girman hanci, mai 85mm kuma yana gyara fuska. Gaskiyar maganar ita ce tazarar da ke tsakaninka da mutumin ce ke yin wannan aiki, lens ɗin tilasta maka tsayawa a wani wuri kawai yake yi. Idan kana son fuska ta cika hoto da 24mm, dole ka matso har kusan taku ɗaya. A wannan kusanci, hanci ya fi kunne kusa da kyamara nesa ba kusa ba, sai ya fito ƙato, goshi ya turo. Da 85mm kuwa za ka tsaya a mita biyu ko uku, inda 'yan santimitocin da ke tsakanin hanci da kunne ba su da wani tasiri, sai fuskar ta fito yadda mutane suka san ta. Shi ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya yake bambanta da wanda wani ya ɗauke shi daga nesa. Idan ka fahimci wannan, ka san cewa ko da lens mai faɗi ne a hannunka, za ka iya ja da baya ka sa mutum a tsakiya, ka guji ajiye fuska a gefen hoto inda ake samun miƙewa. A hoton taro, waɗanda ke bakin layi su ne kan fito da faɗin kafaɗa fiye da nasu, kuma ba kowace hajiya ce za ta yafe maka wannan ba.

Lambar f, inda kuɗin suke tafiya

A cikin kowane lens akwai wata ƙofa da ke buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar ido. Lambar f ita ce ma'aunin buɗewarta, kuma tana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba babbar ƙofa. Dalili shi ne lambar rabawa ce. Lens mai 50mm a f/2, faɗin ƙofarsa 50 a raba 2 ne, wato milimita 25. A f/8 kuwa milimita 6 ne da ɗoriya. Jerin da aka saba gani shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki ɗaya gaba yana rage hasken da rabi.

Yanzu mu koma kan ɗan lens ɗin cikin kwali. Na Sony an rubuta masa 16-50mm f/3.5-5.6, na Canon R50 kuma 18-45mm f/4.5-6.3. Lambobi biyun nan na f suna nufin cewa da zarar ka yi zum, ƙofar tana tsukewa. A 50mm, iyakar buɗewar na Sony f/5.6 ce. Lens marar zum mai 50mm f/1.8 yana shigo da haske kusan ninki goma na wannan. Ka ɗauka kana ɗakin taro da dare, wurin dina, inda lens ɗin kwali ya tilasta maka kai ISO 6400, hoto ya cika da yashi. Da f/1.8, a wuri ɗaya da saurin shota ɗaya, ISO 640 ya ishe ka. Ko kuma idan shotarka na kan 1/15, inda duk wanda ya motsa zai fito kamar aljani, za ka iya kai ta kusan 1/150. Babu sabuwar kyamarar da za ta ba ka irin wannan tazara da kuɗin da ake sayen 50mm f/1.8.

Amfani na biyu na babbar ƙofa shi ne dusashe baya. Iya zurfin wurin da ke fitowa tar a hoto yana raguwa idan ƙofa ta buɗe, idan lambar milimita ta ƙaru, ko idan ka matso kusa. A kan cikakkiyar sensa, 50mm a f/1.8 daga nisan mita 2, zurfin da ke fitowa tar bai wuce kimanin santimita 17 ba. Da 85mm a f/1.8 daga wannan nisa, kimanin santimita 6 ne. Ga hoton mutum ɗaya wannan abin so ne: ido ya fito ras, tarkacen da ke baya ya narke.

Amma a nan ne sababbin shiga ke yin ɓarna. Mutum ya sayi f/1.8, sai ya ƙi sauka daga kanta ko da me yake ɗauka. A jera ƙawayen amarya layi biyu, ya ɗauka a f/1.8, na gaba su fito, na baya su zama hazo. Ko ango da amarya, ɗaya ya ɗan fi kusa, sai fuskar ɗaya ta dushe. A ɗan allon kyamara ba za a gane ba, sai an buɗe a kwamfuta ko an wanke babban hoto, lokacin kuma taro ya watse. Ga mutum biyu, f/2.8 zuwa f/4 ya fi kwanciyar hankali. Ga layi biyu ko uku, f/5.6 zuwa f/8, a ƙara haske da filasha idan ya kama. Da 50mm a f/5.6 daga mita 3 kana da zurfin da ya haura mita ɗaya, wanda ya ishi layi biyu.

Sannan yawancin lens ba a iyakar buɗewarsu suka fi kaifi ba, sai an tsuke su mataki ɗaya ko biyu. Haka kuma idan aka tsuke fiye da kima, daga f/16 zuwa sama, haske kan watse a bakin 'yar ƙofar, kaifin ya sake raguwa. A ƙaramar sensa ana fara ganin haka tun daga wajen f/11.

Shin ya cancanta a haura zuwa f/1.4 ko f/1.2? Dubi misalin Canon. RF 50mm f/1.8 nauyinsa giram 160 ne, kuma ya fito a kan kimanin dala 200. RF 50mm f/1.2 nauyinsa giram 950, ya fito a kan kusan dala 2,300. Ƙarin hasken da ke tsakaninsu ninki biyu ne da 'yan kai. Babu musu, na biyun ya fi kaifi da ƙarko da kyawun dusashewa. Amma a ganina, wanda bai kai matsayin da abokan cinikinsa ke biyan kuɗin wannan bambanci ba, ya bar shi tukuna. Wanda zai kalli hoton a WhatsApp ba zai taɓa ganewa ba.

Wanne za a fara saya?

Amsar tana wurin aikin da kake yi. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka yi wata ɗaya ko biyu da lens ɗin kwali, sannan ka duba bayanan hotunan da ka fi so a kwamfuta, domin kowane hoto yana ɗauke da lambar milimitar da aka ɗauke shi. Idan ka ga yawancinsu a ƙarshen zum suke, nisa kake nema. Idan a farko suke, faɗi kake nema.

Mai ɗaukar biki, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina, abin da ya fi yi masa aiki shi ne zum mai ƙofar da ba ta canzawa, wato f/2.8 daga farko har ƙarshe. A cikakkiyar sensa shi ne 24-70mm, ko 28-75mm na Tamron wanda ya fito a 2018 da nauyin giram 550 ya kuma karya farashin wannan aji. A APS-C akwai 18-50mm f/2.8 na Sigma, ɗan ƙarami mai kimanin giram 290, da 17-70mm f/2.8 na Tamron. Sai a haɗa da marar zum guda ɗaya na hoton amarya, 85mm f/1.8 a babbar sensa ko 56mm f/1.4 a ƙarama. Waɗannan biyu sun ishi mutum ya ci abinci shekara da shekaru.

Mai situdiyo da ke aiki da fitilu ba ya buƙatar babbar ƙofa sosai, tunda yawanci a f/5.6 zuwa f/8 yake ɗauka. Shi faɗin ɗakinsa ne zai yanke hukunci. Idan shagon bai wuce mita huɗu ba, 85mm ba zai ba shi cikakken tsayin mutum ba, sai 35 ko 50mm.

Hawan sallah da wasan ƙwallo wani fage ne daban. A Hawan Daushe ba ka da ikon matsawa kusa da dawakai, kuma jama'a sun cika ko'ina, don haka sai 70-200mm ko 70-300mm. Da yake da rana ake yi, f/4 ko ma f/5.6 ya wadatar, ba sai an sayi f/2.8 mai nauyin da ya haura kilo ɗaya ba. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne saurin shota, 1/1000 ko sama, idan ana son tsayar da dokin da ke sukuwa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce idan da hannu kake riƙe da kyamara, kada shota ta gaza ɗaya bisa lambar milimita, wato 1/200 ga 200mm, kuma a ƙaramar sensa sai an ninka. Fasahar rage girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, tana sassauta wannan ƙa'ida. Amma rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da abin da ke motsi. Ka kuma duba ko jikin kyamararka na da tata fasahar. Sony a6400 da ZV-E10, Canon R50 da Nikon Z50 duk ba su da ita, don haka masu su su fifita lens mai ɗauke da ita, musamman idan bidiyo suke yi.

Masu bidiyo, ko na YouTube ne ko na fim, suna da ƙarin abin dubawa. Na farko ƙarar injin fokas, domin tsofaffin lens na DSLR kan yi ƙiƙi-ƙiƙi da makirfon ke kwashewa. Na biyu abin da ake kira numfashin lens, inda hoton ke ɗan faɗaɗa ko tsukewa duk lokacin da fokas ya tashi daga wani zuwa wani. Na uku, yawancin lens na zamani zoben fokas ɗinsu ba ya haɗe da gilasan ciki, saƙon lantarki yake aika wa inji, kuma a wasu nisan da fokas zai tafi ya danganta da saurin murɗawarka. Wannan kan wahalar da mai son maimaita motsi ɗaya sau uku a wurin ɗaukar fim. Sai kuma rana. Bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa yana son shota a 1/50, kuma a ranar Kano ko Zinder da tsaka, 1/50 da f/2 fari fat za su ba ka. Maganin shi ne filtar ND, wadda take kamar baƙin tabarau ga lens. Girman filtar da za ta shiga yana rubuce a gaban lens ɗin ko a bayan murfinsa, kamar 49, 67 ko 77. Dabara ita ce ka sayi babba guda ɗaya, ka haɗa da zobban rage girma masu arha don sauran.

Ƙura da funfuna

A DSLR, idan ka cire lens, madubi da labule sun rufe sensa. A yawancin kyamarori marasa madubi kuwa sensar ce ke kallonka tsirara. Wasu, kamar Canon R5 da R6, suna sauke labule idan an kashe su, amma da yawa ba sa yi. A lokacin hunturu, ko a filin hawa da dawakai suka tayar da ƙura, canza lens a sarari neman magana ne. Kashe kyamarar tukuna, ka juya bakinta ƙasa, ka ba iska baya, sabon lens ɗin yana hannunka a shirye. Idan da hali ka shiga mota ko ɗaki. Wannan ma wani dalili ne da ya sa zum guda ɗaya ya fi marasa zum uku amfani a aikin waje. Don gane ko ƙura ta shiga, ɗauki hoton sama ko farin bango a f/16, ɗige-ɗigen za su bayyana. A fara da 'yar robar hura iska. Kada a hura da baki, kada kuma a goge gilashi da bakin riga, domin ƙurarmu yashi ce, tana karce shafen da ke kan gilashin. Hular lens, wadda mutane ke barin ta a jaka, tana tare hasken gefe, kuma ita ce ke karɓar duka idan lens ya bugi ƙofa.

Da damina kuma abokin gaba shi ne danshi. Lens da aka rufe a jaka cikin ɗaki mai laima yakan yi funfuna a ciki, wadda ke yaɗuwa kamar saƙar gizo, idan ta daɗe har ta ci shafen gilashin. Ajiye shi a roba mai murfi da ke rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, kana shanya su ko canza su lokaci-lokaci.

Wannan ne ma abu na farko da za ka duba idan za ka sayi na hannu. Je da kyamararka, kada ka yarda da gwaji a kan ta mai shago. Cire murfi biyun, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce, kusan kowane tsohon lens na da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Zare-zare kamar saƙar gizo ko hazo a gilashin ciki kuwa, ajiye musu kayansu. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Murɗa zoben zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa, ka duba ƙananan ƙusoshin jikinsa ko an taɓa kwance su. Gwada fokas a kan abu na kusa da na nesa sau da yawa, da hoto da bidiyo. Daga nan ka sami bango mai rubutu ko jerin bulo, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka da ƙofa a buɗe gaba ɗaya, ka faɗaɗa hoton ka gwada kusurwoyi huɗun. Idan ɓangare ɗaya ya fito tar ɗayan ya dushe, alama ce gilasan ciki sun goce, galibi saboda lens ɗin ya taɓa faɗuwa, kuma gyaran wannan sai da na'urorin da ba kowane mai gyara ke da su ba.